Tutar Ma Zelin

A zamanin da tsibirinmu yake yawo tsakanin Faransawa da Ingilishi kamar ƙwaryar aro, tutoci biyu ake ajiyewa cikin akwati guda a barikin kan dutse. Wanda ya ci yaƙi a ɗaga tasa, ɗayar kuwa a ninke ta, don an san mai ita zai dawo. Ɗaga tuta aikin Kilofas ne, tsohon bawan bariki, wanki kuma na matarsa Ma Zelin.

Abin da ita kaɗai ta sani, idon Kilofas ya daɗe da tafiya. Makahon bawa kuwa ba a ajiye shi a bariki. Don haka ta ɗinka maɓalli a gefen tutar masu mulki, in ya laluba ya ji shi sai ya ɗaga.

Ran nan, lokacin Faransawa, maɓallin ya tsinke a wanki. Tana mayar da shi tana cacar baki da maƙwabciya a kan akuya, ga tutocin duk ja da fari da shuɗi, sai ta ɗinka shi a wadda ba ita ba.

Da safe tana rafi ta ɗaga kai, ta hango tutar Ingilishi tana kaɗawa a kan barikin Faransa. Wannan kuwa laifin rataya ne. Ta yar da wanki ta hau dutse a guje.

A ƙofa ta yi kiciɓis da Kwamanda Lafarg, giyar rake ba ta gama sakinsa ba, ya sha kayan sarauta, takobi a hannu. Can gefe Kilofas na tsaye jikin sandar tuta yana murmushi, bai san wainar da ake toyawa ba.

Kwamanda ya ce, "Zelin, yaushe suka iso?"

"Su wa, ranka ya daɗe?"

"Ingilishi mana! Ke makauniya ce?"

Nan take ta shirya ƙarya. "Da asuba. Sun ce kada a tashe ka."

"Kai, mutanen nan akwai ladabi. Ina suke?"

"Sun zagaya bayan dutse."

Wuni guda bawan Allah nan ya yi yana neman Ingilishin da zai miƙa wa takobi, alamar ya miƙa wuya. Mu kuwa mutanen tsibiri ba a koya mana rufa wa juna asiri. Masunta suka ce masa yanzun nan Ingilishin suka wuce. Mai tallan ayaba ta ce har sun taya kayanta, marowata ne. Da ya gaji, ya bar wa Ma Zelin takobin ta ba su, ya kwashi sojojinsa sai Matinik, tsibirin Faransawa. Da takobin ta riƙa fasa kwakwa. Masu gonakin rake dai ko kai ba su ɗaga ba, bulalarsu a kan bayi tana nan yadda take.

Sai dai wuyan Kilofas bai tsira ba tukuna. A bar tutar Ingilishi, Faransawa su dawo da igwa su tarar ba kowa. A mayar da tasu, Kwamanda ya dawo da tambaya. Ma Zelin ta rasa tudun dafawa, ƙarshe ta cire maɓallin ta ɗinka shi a zanenta mai ratsin rawaya da ja. Washegari Kilofas ya laluba, ya ɗaga.

Jirgin yaƙin Ingilishi ya zo, kyaftin ya duba da madubin hange, bai gane tutar ba. Don gudun kada ya tsokani wani babban sarki, ya harba igwar gaisuwa ya wuce. Na Faransa ma haka ya yi.

Damina ta zo ta wuce. Wata rana suna cin kifi mai gishiri da ɗanyar ayaba, Kilofas ya ce, "Tsohuwa, ki mayar da maɓallin kan zanenki na coci, wannan ya fara yagewa."

Ta ajiye lomar da ta ɗauka. "Ashe ka sani?"

"Haba Zelin. Yaushe tutar Faransa ta taɓa ƙanshin man kwakwa?"

"Ja'irin tsoho! Ka bar ni ina ta fargaba ni kaɗai?"

Ya laluba ya kama hannunta. "Na tsufa ina ɗaga tutar mutanen da suka saye ni. Wannan ce kaɗai na ɗaga ina so. Ki bar ni da ita."