Hatimi a Kan Fatar Damisa

Wa ya kashe damisar? Wanda ya ɗana tarkon waya a daji, ko wanda ya jeme fatar, ko Alhajin da ke son shimfiɗa ta a kujerar sabuwar Marsandinsa? Shekara uku Tanimu ya yi yana karatun kula da namun daji, babu malamin da ya taɓa ba shi amsa.

Fatu huɗu ne a kan teburinsa, jiya aka kamo su a shagon Nwabueze da ke Sabon Gari. Umarnin ofis a fili yake: fatar da aka feɗe kafin a hana farautar damisa, a buga mata hatimi a mayar wa mai ita; sabuwa kuwa, sai kotu. Ya shinshina. An turara su da hayaƙi don su yi kama da tsofaffi. Amma ya gane hannun da ya yi jimar, don tun yana rarrafe yake shaƙar warin wannan bagaruwa. Aikin mahaifinsa ne, Malam Gambo majemi.

* * *

A zauren gidansu na Fagge ya tarar da tsohon yana kankare fata.

"Baba, cikin fatun da aka kama, ta ukun mace ce, kuma shayarwa take yi. Akwai 'ya'yan da yunwa ta kashe a wani kogo."

"Ni ban ga kogo ba, fata aka kawo mini." Bai ko ɗago ba. "Tun da kuɗin fetur ya shigo gari, wa ke tambayar fatar akuya? Buga musu abin nan, Tanimu."

"Ba zan buga ba. Rantsuwa na yi."

"Damisa, ƙi sabo! Ashe halinta ka je ka koyo a makarantar."

* * *

Washegari da hantsi ɗan sanda ya shigo da Nwabueze, matarsa Obiageli ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zani. Lokacin yaƙin basasa, da suka gudu, Malam Gambo ne ya tsare musu shago har suka dawo ya miƙa musu makulli.

Tanimu ya dubi Nwabueze. "Kawu, wa ya kawo maka fatun nan?"

"Ɗana, na tsufa. Mantuwa ta yi mini yawa."

"Ɗauri ne fa, Kawu."

"Na sani. Yaya Malam? Ƙafar tasa ta yi sauƙi?"

Ɗan sandan ya yi hamma. "Ofisa, tsofaffi ne ko sababbi? Rana tana yi."

Tanimu ya jawo fata ta uku. A wuyanta ga zoben da waya ta ci, inda ta yi ta fizga har gashin ya zube. Ya rufe wurin da tafin hagunsa, ya lalubo hatimi. Tawadar ta soma bushewa, sai da ya danna sau biyu sannan ta fito.