Zinaren da Abdulwahab Ya Wanke

Da yaƙi ya kore ta daga Khartum, Raihana ba ta iso ƙauyensu da ke kudu da Sinnar da komai ba sai kayan jikinta da wani gwangwanin madara. A cikin gwangwanin akwai 'yan kwalabe ƙanana, kowace da garinta, wani ya yi shuni, wani ja-ja, wani kamar toka. Aikin digirinta na biyu ke nan gaba ɗaya, domin ɗakin gwaje-gwajen da ta haɗa su a ciki ya riga ya ƙone. Malaminta, wanda ya tsallake zuwa Masar, ya yi mata alkawari cewa in garin ya iso hannunsa zai ƙarasa gwajin, ta samu shaidarta. Har an yi magana da Hamid direba, mai zuwa Bur Sudan, shi zai ɗauka, daga can a tura Masar.

Kuskurenta ɗaya ne, ta yi bayani. Wata rana da la'asar ana shan gahawar jabana a tsakar gida, Inna, mahaifiyarta, ta tambaye ta mene ne wannan da take ɓoyewa ƙarƙashin gadonta na angarib kamar laya. Raihana ta zauna ta warware musu. Ta ce zinare in yana dunƙule ba ya tsinana komai, sai dai ado. Amma in aka farfasa shi ya zama ƙanana har ido ba ya gani, aka zaunar da shi a kan garin oksaid, sai ya riƙa taimaka wa iskar haidirojin ta shiga cikin wani sinadari. Ta ce aikin yana faruwa ne daidai inda zinaren ya taɓa mazauninsa. A kan oksaid na titaniyam yakan zaɓi gefen da ake so ya bar sauran, a kan na alminiyam kuwa sai ya yi sanyin jiki. Zinare iri ɗaya ta sa a kowace kwalba, mazaunin ne ya bambanta, kuma bambancin shi ne karatun.

Duk wannan dogon bayani, yayanta Abdulwahab kalma ɗaya ya tsinta, zinare. Mutumin da ya yi rani biyu a ramukan haƙar zinare bayan Damazin, ya dawo da tari da ƙaton baki, gani yake babu wanda ya kai shi sanin dahab, wato zinare, a duk yankin Kogin Shuɗi.

Ranar da ta raka matar kawunsu asibitin Sinnar, ya jawo gwangwanin. Ya juye kwalaben duka a tasa guda, tun da a wajensa ƙasa mai zinare ƙasa ce mai zinare. Ya gangara bakin kogi ya yi abin da ya iya: ya zuba ruwa, ya ɗiga zaiba, ya murza da hannu, ya tace a ƙyalle, ya ƙona a cokali. Garin oksaid ɗin da ta yi watanni tana gasawa a tanderu, tana auna zafinsa, ya bi ruwa ya tafi.

Da ta dawo, sai ta ga kwalaben a wanke tas an kife su a kan tire. Ba ta yi kuka ba. Haushi ne ya cika ta. Ta sami Abdulwahab a zaure yana miƙe ƙafa.

"Yaya, ina abin da ke cikin kwalaben ga?"

"Na raba miki shi da datti," in ji shi, yana murmushi. "Dahab dai dahab na, ya Raihana. Ku 'yan jami'a kun cika wahal da kai."

"Dattin shi na aikin. Shi kaz zubar."

Ta faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wa, da Hausa, da Hausar ta ƙare ta koma Larabci. Ta ce da ɓarawo ne ya ɗauka da ya fi mata, domin ɓarawo ba zai tsaya jiran godiya ba. Shi kuwa sai ya haɗe rai, wai shi aka yi wa butulci. Ya ce ai ba don kansa ya yi ba. Inna ta sayar da 'yan kunnenta na aure a lokacin da yaƙi ya rufe hanya, tun sannan kunnenta ke wayam, ga zinare kwance ƙarƙashin gado ba a amfana da shi.

Hayaniyar ce ta fito da Inna. Abdulwahab ya kwance wata leda ya ɗora mata abin a tafin hannu, ɗan ɗigo rawaya wanda bai kai ƙwayar riɗi ba. Tsohuwar ta kai shi kusa da ido, ta juya shi a hasken rana. Fuskarta ta washe yadda Raihana ba ta gani ba tun dawowarta. Ta ƙulle shi a bakin tobin da ta lulluɓa da shi, ta kamo hannun 'yarta ta riƙe.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Yau dai na ga karatunki da idona."

Raihana ta buɗe baki, ta dubi fuskar uwar, ta rufe.

"Amin, Inna," ta ce.