Gayyar Kashe Waya

Ranar kasuwar Filinge, a ƙasar Kurfai, rezon waya ba ya da kirki. Dillalan shanu tun daga Abala har Damana kowa waya a kunne, sai layi ya cushe.

A ranar kuwa aka kira Basiratu.

Sunan ɗan ƙanwarta ne ya kawo ta gida. Aikinta yana can Turai, wurin wani ƙaton inji mai haɗe ƙwayoyin zarra yadda rana ke yi, don a samu lantarki ba hayaƙi. Shekaru tana jiran a gwada lissafinta a cikinsa. Da hantsi aka ce an matso da gwajin, yau ne bayan azahar. Dole ta shiga ta kwamfuta, ta duba ma'aunai, ta ba da izini. In ba a gan ta ba, wasu su haye gurbin, ita kuma sai baɗi.

Ta hau soro da kwamfutar. Hoto ya daskare, abokin aikinta na Koriya baki buɗe kamar busasshen kifi.

Kawunta Magagi ya leƙo daga ƙasa. "Ke ɗiya, mi ya hwaru?"

"Kawu, hanya ta cika. Kowa na bisa waya."

"Shi ke nan? In gona ta hi ƙarhin mai ita, ai gayya aka kira."

Kafin ta tanka, ya sa takalmi. Can sai ga kalangu yana ratsa kasuwa, mai shela na biye: "Jama'a, gayya! A kashe waya! Ɗiyar Kurfai za ta kunna rana!"

"Wagga da ad da mu ba ta ishe ku ba?" in ji Baushe dillali, ana tsakar cinikin bijimi.

"Kashe dai, mai bakin tsiya!" Tambara mai fura ta daka masa tsawa. Ya kashe, yana gunaguni. Rumfa bayan rumfa, wayoyi suka koma aljihu.

A kan soro hoton ya motsa. Muryoyi suka shigo tar, daga Koriya, daga Turai, daga Indiya. Basiratu ta bi lambobin da ido, ta gyara guda, ta ce, "A tafi."

Cikin injin wani haske ja-ja ya tashi, ya yi zobe. Ya girgiza. Ta ƙura wa lambobin ido. Ya tsaya daram, har ya zarce inda ta lissafa. Tafi ya ɓarke a ƙasashe uku.

"Ɗiya! A kunna?" Magagi ya ƙwala daga tsakar gida.

Ta share ido da gefen mayafi. "A kunna, Kawu!"

Kalangu ya sauya kiɗa, kasuwa duka ta ɗauki ƙarar waya.