Katako a Ƙarƙashin Totur

Malam Peng, mai koya mana tuƙi, ya cusa guntun katako a ƙarƙashin totur ɗin motar makaranta, ya ɗaure shi tamau da waya. Ranar da na fara shiga na taka, sai na ji kamar na taka dakali. Na tambaye shi ko motar ce ta lalace. Ya kurɓi shayi daga gorar da ba ya rabuwa da ita, ya ce, "Inna Luo, motar lafiyarta ƙalau, ku ne marasa lafiya. In na sakar muku totur, kafin rana ta raba kun rushe mini katanga."

Ni ba sha'awa ce ta kai ni ba. Na haura hamsin, gwiwata ta hagu tana ƙara in na durƙusa. Mijina, Tsoho Tan, ƙodarsa ce ta daina aiki, sai an kai shi asibitin gunduma wankin ƙoda, yau a je, gobe a huta, jibi a koma. Wanda ya tsallake wanki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Likita ya hana shi tuƙi. Ƙaninsa Deming ne ke kai shi, kuma ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa ana gama bikin sabuwar shekara zai koma aikinsa a Dongguan, inda ɗanmu ma yake. Motar haya ba ta gangarowa ƙauyenmu sai ranar kasuwa. Ga kuma mota a ƙofar gida, tsohuwar ƙaramar bas mai giya, wadda Tan ya tsufa yana yawon sayar da awarata a cikinta, ni ina gefe riƙe da sikeli. Sau nawa na ce ya koya mini. Amsarsa ɗaya ce: "Ke da ludayi, ni da sitiyari."

Koyarwar Malam Peng duk alama ce. Ya manna jan salatif a gilashi, shuɗi a madubi. In jan ya yi daidai da sandar can, ki murɗe sitiyari gaba ɗaya. In shuɗin ya taɓa farin layi, ki warware. Ba ya shiga motar sai ta kama. Yana ƙarƙashin rumfa yana ɓare 'ya'yan kankana, yana jefo baƙar magana.

"Inna, wannan giya ce, ba muciya ba."

"Kin sake kashe ta? Ki ɗaura wa kare ƙashi a sitiyari, ya fi ki."

Yara 'yan jami'a su yi ta dariya. Na haɗiye, don mai nema sai da haƙuri. Da na lura kowa na ajiye masa kwalin taba a aljihun mota, kuma masu ajiyewa sun fi samun zagaye, ni ma na saya na ajiye. Zagin bai ragu ba, amma zagayena ya ƙaru.

Akwai wani ɗan tudun siminti a filin makarantar, inda ake koyon tsayawa da tashi. Ƙa'idar Malam Peng ita ce a ɗaga kuloci a hankali, in mota ta fara rawa a saki birki, ita za ta hau da kanta. Na ce masa mijina ya ce tudu sai da wuta.

"Mijinki ne zai ba ki lasisi?" in ji shi. "Ni jarrabawa nake koyarwa. Ki yi abin da na ce, ki ci, ki ba wani wuri."

Na yi abin da ya ce, na kuwa ci a karo na biyu. Gwajin titi ma na ci, a shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin kogi, inda ko kwalba ka ajiye ba za ta gangara ba. Na kawo lasisi gida na ajiye wa Tan kusa da kwanon shinkafarsa. Ya juya shi ya ce hoton bai yi kyau ba.

Deming ya tafi. Washegari da safe na naɗe Tan da bargo, na zaunar da shi a kujerar da na daɗe ina zama, na shiga tasa. Ƙauyenmu a kwari yake, hanya ɗaya ce ke hawa zuwa babban titi, siririya, gefe guda dutse, gefe guda gonakin shinkafa suna sauka hawa-hawa har ƙasa. Muna tsakiyar hawan, bayan kwanar tsohuwar rijiya, sai ga motar aladu tana saukowa. Dole na raɓe na tsaya. Ta wuce da warinta, ta bar ni a inda tudun ya fi tsini.

Na yi yadda aka koya mini. Na ɗaga kuloci a hankali, motar ta fara rawa, na saki birki. Ta yi tari ɗaya ta mutu, ta sulale baya. Na danne birki, na ja na hannu, wanda shi ma ya daɗe da gajiya. Na sake tayarwa, ta sake mutuwa, ta sake ja baya. A madubi ina ganin bakin kwanar yana matsowa.

"Ki ba ta wuta mana," in ji Tan.

"Ba a taɓa totur a tudu."

"In ji uban wa?"

"In ji malamin da aka biya, tunda kai ka ƙi."

Ya dube ni, sannan ya tambaye ni yadda motar makarantar ke kuka in tana tsaye. Na ce da ƙarfi, kamar injin niƙa. Ya yi tsaki mai tsawo.

"Sun ɗaga mata silo ne, tsohuwa. Sun murɗa inji yana ba kansa wuta don kada ta mutu muku. Ba ke ce ke hawa tudun ba, ita ce ke hawa da ke."

A nan raina ya gama ɓaci. Wata da watanni ina shan zagi a gaban sa'o'in ɗana, ina sayen tabar da ban taɓa saya wa mijina ba, ashe motar ƙarya aka ɗora ni a kai. Na ji haushin Peng, na ji haushin katakonsa, amma Peng ba ya kusa. Wanda ke kusa na juya wa.

"Kai ne silar wannan. Tun ina da gwiwa nake roƙonka. Rana ɗaya a filin shanya hatsi ta gagare ka. Ke da ludayi, ke da ludayi. To ga ludayin, ka hau shi ya kai ka asibiti."

Ya yaye bargon, ya buɗe ƙofa, ya sauka yana dafa jikin mota. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin yadi ba ya rufuwa. Na ga ya tura wani dutse da ƙafa, ya saka shi bayan taya. Na ɗauka zai dawo. Sai ya koma tsakiyar bayan motar ya tsaya, ya ɗora tafukansa biyu a kan gilashi.

"Matsa daga nan, Tan."

"Ina nan," ya ce, muryarsa da ƙyar take isowa. "Ki taka totur har ki ji ta yi fushi kamar ke, sannan ki ɗaga kuloci. In kin dawo baya, kin huta da jinya."

Na zage shi, na zagi kakanninsa da ke kwance a kan tudun can. Bai motsa ba. Mutumin da ko bokitin waken suya ba ya iya ɗagawa yanzu, wai shi zai tare mota. Tsoro da fushi suka haɗu mini a ƙafar dama, na taka. Injin ya yi ruri, na ji totur yana nitsewa can ƙasa inda ban san yana kaiwa ba. Na ɗaga ta hagu, hancin motar ya ɗago, na saki birkin hannu. Ta zabura gaba tana warin ƙauri, tsakuwa na tashi.

Na hau. Ban ɗaga ƙafa ba, don na san in na tsaya ta mutu. Saman tudun yana gabana, can hanya ta miƙe, can zan iya tsayawa lafiya in jira shi. Sai na duba madubi. Tan ya yi taku kaɗan, ya zauna a kan dutsen da ya tura, kansa a sunkuye. Ba zai iya hawowa ba, ni kuma gwiwata ba za ta goyo shi ba.

Na taka birki. Na saka giyar baya, na sulalo a hankali, ba jan salatif, ba shuɗi, sai shi kaɗai a madubi, har na dawo daidai inda na sha wahalar bari. Na fita na kama shi, na tura shi kujera, na mayar masa da bargo da ƙarfin da ya wuce kima. Yana haki ya ce bari ya sauka ya gyara dutsen.

"Zauna," na ce. "Ba wanda zai sake tsaya mini a baya."

Na tayar da ita. Na taka har ta yi fushi, na saurara, na ɗaga kuloci. Sai na ji hannunsa a kan nawa, a bisa birkin hannu, sanyi ƙalau, ba nauyi. Ya ɗan matsa yatsuna lokacin da ya kamata, na saki. Motar ta hau ba tari.

Da muka fito babban titi ya ce, "Giya ta biyu."

"Na sani."

"Filin shanya hatsi," ya ce, yana kallon taga. "Da rana ɗaya ta isa."

"Ba ta isa ba," na ce, na saka ta uku. "Sai ka yi ta zama a wannan kujerar har in ƙoshi."