Reshen da Ya Tsallaka Katanga

Da Inna ta rasu, ba ta bar wa 'ya'yanta biyu abin faɗa ba, sai wani fure da ta shekara talatin tana reno a bayan ɗakinta. Ganyensa faffaɗa ne, kore shar, furensa kuma fari mai siffar cokali. Babu wanda ya san sunansa, furen Inna kawai ake ce masa. Aka tono saiwar aka raba ta biyu da wuƙa. Babban ɗan, wanda har bayan ritaya Hedimasta ake kiransa, ya zaɓi ɓangaren da ya fi kauri. Ƙaninsa Tela ya ɗauki ragowar. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu.

Hedimasta ba ya yin abu sai da tsari. Ya sayo tukunya mai fenti ya kafa a ƙofar falo, inda kowa zai gani, inda kuma rana take yini. Ya rubuta jadawalin ban ruwa ya manna a bayan ƙofa. Furen ya saka masa da ganye rawaya mai ƙonannen baki. Sai ya ƙara ruwa, ya ƙara takin zamani, kamar yadda yake ƙara wa daƙiƙin ɗalibi aikin gida. Kafin shekara ta zagayo saiwar ta ruɓe.

Tela kuwa a lungun bayan gida ya dasa nasa, a gindin katanga, daidai inda wani reshen mangwaron Hedimasta ya tsallako. Ganyen mangwaro ya zuba ya ruɓe a wurin, Tela ko sharewa ba ya yi. Da safe zai tsinci dodon koɗi ya yar, ya tsoma yatsa a ƙasa, in ya ji danshi ya koma kan keken ɗinkinsa. Wani lokaci ya goge ganyen da guntun ƙyalle. Iyakar wahalarsa ke nan, amma furen ya yi ta 'ya'ya har ya cika lungun. Matan da ke kawo ɗinki sai sun leƙa sun ɗauki hoto kafin a gwada su.

Akwai bulo biyu da Hedimasta ya ɗora a gindin katangar, wai na duba bishiya ne. Kowace safiya yana kansu yana ƙirga furannin Tela. Bakwai. Tara. Sha ɗaya. Hassada ce, ba ta da wani suna, kuma ta ci shi har ya daina jin daɗin shayinsa. Shi ne ya riƙa kai Inna asibiti, shi ne babba, amma ga shi ko bayan ranta auta ta fi so.

"Malam, ka je ya yanko maka ɗaya mana," in ji matarsa. "Ai ba zai hana ka ba."

"Ni? In roƙi yaron da na koya wa riƙe fensir?"

"To ka sauko, kada ka karye."

Wata safiya ya daɗe a kan bulon har rana ta ɗaga. Duk tsakar gidan Tela ta ɗauki zafi, sai lungun nan kaɗai ke lulluɓe da inuwa. Ya ɗaga kai ya ga reshen. Ashe da inuwarsa ake wannan fankama. Ya yi ƙwafa, ya shiga ya fito da zarto da tsani.

"Me reshen nan ya yi maka?" in ji matar.

"Zai fasa katanga."

"Shekara goma sha bai fasa ba, sai yau?"

Ya ɗaure reshen da igiya, ya yanke, ya jawo shi cikin gidansa.

Kwana uku ganyen furen ya langaɓe. Tela ya ɗaura tsohon zane ya yi rumfa, iska ta yage shi. Ya ɗaura wani, amma katangar kanta ta koma tanda. Hedimasta ya ci gaba da ƙirga. Takwas. Biyar. Biyu. Ba sai an ɓoye ba, ya ji daɗi, har tambayar ƙari ya yi a wajen karin kumallo. Wata rana ya hau bai sami abin ƙirgawa ba. Sai a lokacin ya tuna ba shi da wani a tukunya, kuma babu wani a ko'ina.

Da hantsi Tela ya yi sallama, rungume da daro. Cikinsa saiwa ce da ƙasarta, ganye duk ya ƙone, sai toho ɗaya tal.

"Yaya, gidana inuwa ta ƙare. Wadda ta rage tana gindin mangwaronka. Ka riƙe shi, ko Allah zai sa ya tashi."

Hedimasta ya gyara murya. "Katangar ce..."

"Na sani, Yaya." Tela ya ajiye daron. "Dama naka ne. In mata sun yaba nakan ce ruwa kawai nake zubawa, mai furen yana bayan katanga. Inna ce ta ce mini, tana kwance, in dasa shi ƙarƙashin bishiyarka. Ta ce kai ba ka jin magana, amma duk abin da ya zauna a inuwarka ba ya lalacewa."

Ya kakkaɓe hannunsa ya tafi, don yana da ɗinki.

Hedimasta ya durƙusa a gindin mangwaron ya haƙa rami. Ba sai ya tambayi kowa ba, shekara biyu yana leƙe, ya haddace komai. Ya tattaro ruɓaɓɓen ganye ya rufe saiwar, ya tsoma yatsa ya ji danshi. Matarsa ta zo za ta ɗauke bulon nan biyu.

"Bar su," in ji shi.

"Me kuma ya rage da za ka leƙa?"

Ya ɗaga kai ya dubi wurin da ya yanke, fari tas, yana zubar da ƙaro.