Rigar Sammani

Abin da Malam Sammani ya bar wa matarsa Hajara bai taka kara ya karya ba: gonar shinkafa a bakin kanal ta hanyar Bunkure, da wata tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya wadda yake yi wa ƙungiyar manoma aiki da ita. A cikinta akwai bidiyon da aka ɗauka a ƙofar gidansu, yana koya wa manoma dashen tumatir. Muryarsa ke nan da ta rage a duniya. 'Yarsu Barira ta nuna mata inda ake dannawa kafin ta koma ɗakinta a Madobi.

Sai dai kwamfutar ta tsiro da wani hali. Da Sammani ya fara bayanin tazarar kunya, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Hajara ba ta taɓa ganin ƙarshen bidiyon ba. Tsoro ya kama ta, kada wata rana kwamfutar ta mutu ta ƙi tashi, ta tafi da muryar.

Ta kai wa Abednego, ɗan Filato mai gyara a kasuwar Kura. Ya gwada batir, ya canja caja, ya nemi bairos bai samu ba. Ya bar ta a kunne a kan teburinsa wuni guda, 'yar nema ko tari ba ta yi ba. Hajara ta kai ta gida, kwamfutar ta sake mutuwa. Ta dawo da ita, lafiya lau. Har ta fara jin kunya, tana ganin yaron zai ɗauka ruɗewar tsufa ce.

Bai ɗauka haka ba. Ya ce tunda ciwon a gida yake tashi, a gida zai duba shi.

Ranar da ya zo ana turara shinkafa a tsakar gida, ƙaiƙayi ko'ina. Hajara ta shimfiɗa masa tabarma, ta fito da kwamfutar naɗe cikin babbar rigar marigayin. Ta ninke rigar, ta ɗora kwamfutar a kanta, ta ja haɓar rigar ta rufe gefe da gefe saboda ƙura. Ai kayan Malam ba ya zama a ƙasa.

Da aka kunna ta, Abednego ya kara kunne, ya ji fanka tana nishi. Ya taɓa ƙasan, ya janye hannu.

"Mama, ta nan ƙasa take shan iska. Rigar ce ta toshe mata hanci. In zafi ya yi mata yawa, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone."

"Wato ni ce nake shaƙe shi?" in ji Hajara, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ki ɓata komai ba, Mama. Ki riƙe rigar a wajenki kawai."

Ya ɗora kwamfutar a kan kifaffen faranti. Hajara ta rungume rigar, ta danna. Sammani ya wuce tazarar kunya, ya wuce ban ruwa, ya wuce taki, har ya yi wa manoma sallama. Mai ɗauka bai kashe da wuri ba. Sammani ya share gumi, ya juya wajen zaure yana murmushi.

"Hajara, a taimaka mana da ruwa mana."

Sai da ta yunƙura za ta tashi, sannan ta tuna.