Rabon Mubaraka a Gonar Guci

Mubaraka malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Magariya. Tun da mijinta ya rasu take zaman haya da 'ya'yanta biyu, kuma ba ta taɓa daɗewa a gida ɗaya ba. Na farko an yi ta ƙara mata kuɗi har ta gaji. Na biyu bangonsa ya zube da damina. Na uku kuwa mai gidan ne ya zo da kansa, ya tsaya a zaure ya ce ɗansa zai yi aure bayan babbar Sallah, ta nemi wuri.

Cikin wannan hali direktan lakwal ɗinsu ya yi musu bayanin asusun malamai. Asusun yana tallafa wa duk malamin da bai taɓa mallakar gida ba. Malamin ne zai samo gidan, ya kawo kashi ɗaya cikin biyar a matsayin kafin alƙalami, asusun ya biya sauran, a riƙa cira a albashinsa kaɗan-kaɗan. Sai dai ƙarshen wata mai kamawa za a rufe karɓa. Mubaraka ta riga ta san gidan da take so: ɗaki biyu da rumfa a bayan kasuwa, na wani ɗan kasuwa da zai koma wajen danginsa a Najeriya. Ta kwashi adashinta, ta sayar da 'yan kunnen aurenta da tumakin da take kiwo, amma rabin kafin alƙalamin kawai ta iya haɗawa.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Guci, daga can ɗan kabu-kabu ya kai ta ƙauyensu a babur. Yayanta Habibu ne ke riƙe da gidan da gonar tun rasuwar mahaifinsu, shi ke ciyar da mahaifiyarsu Tabawa. Ta same shi a tsakar gida yana gyaran amalanke. Bayan gaisuwa ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta ce rance take so, za ta biya.

Habibu bai ɗago kai ba. "Gida kike so ki saya? Ke kaɗai?"

"Ni da yarana, Yaya."

"Miji ya kamata ki nema. Mace ba aure, a gidan kanta, a tsakiyar Magariya. Me kike so a riƙa faɗa a kanmu ranar kasuwa?"

"Lokacin da ruwa ya ture bango a kan kayana, me aka faɗa a kanku ranar kasuwa?"

Ya ajiye guduma. "Ke ce mai albashi. Ni da nake jiran sama ta zubo, ni za ki zo roƙo? Ba ni da ko dala. Ko ina da ita ma, ba a wannan hanya zan sa ta ba. In haya ta gagare ki, ga ɗakin Inna nan, ki dawo."

Mubaraka ta dube shi. Ba ta zo da niyyar faɗin abin da ta faɗa ba, amma da ya fito ba ta yi nadama ba. "To shi ke nan. A ba ni gadona."

Tabawa, wadda ke zaune bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta tsaya cak. Habibu ya yi wata 'yar dariya.

"Gadonki? Wace rana kika taɓa riƙe hauya a gonar nan? Buhun geron da nake aika miki fa, daga sama yake faɗowa?"

"Sau biyu ka aiko. Na biyun ma rabinsa ƙaiƙayi ne."

"Mubaraka," in ji Tabawa a hankali, "ki bari mana."

"Inna, na bari shekara da shekaru. Yau kam ba zan bari ba."

Daga nan ba ta ko sha ruwa ba ta wuce gidan maigari. Shi ma ya so ya lallashe ta, ya ce gonar gado ba a gaggawar taɓa ta. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo neman abin wani ba. In ba a raba a nan ba, zan kai maganar gaba." Maigari ya dube ta ya ga ba wasa take yi ba, sai ya sa rana.

Ranar rabo liman ya zo da dattijai, aka auna gonar da igiya. Aka fitar wa Tabawa nata, aka ba Habibu kashi biyu, Mubaraka kashi ɗaya. Da aka yi ƙuri'a, ɓangaren bakin hanya ya faɗo mata. Nan ne wurin da ya fi ƙarfi, nan Habibu ya sa Fulani suka kwana da shanunsu duk rani, nan ya yi ta jidar taki da amalanke yana shirin gyaɗa. Mubaraka ta ga yadda fuskarsa ta canza, kuma ta san gumin nasa ne. Abin ya ɗan taɓa ta. Don haka a gaban mutane ta ce, "Yaya, kai ka fi cancanta. Ka saya, zan rage maka."

"Ki jira kaka."

"Kafin kaka an rufe asusun, an sayar da gidan, ni kuma ina titi da yara."

"To ki zauna a titin. Ba wanda zai sayi gonar ubana ina raye."

Da farko maganarsa ta yi kamar za ta tabbata. Ya bi gida-gida yana cewa duk wanda ya taya gonar nan ya taya rigima. Mutum biyu da suka nuna sha'awa suka janye. Mubaraka ta koma Magariya tana koyarwa da rana, da yamma tana buga waya, wata yana ta ƙarewa.

Sai Lado ya aiko mata. Lado shi ne maƙwabcinsu na gona, mai sayen wake yana kaiwa bakin iyaka. Shi da Habibu sun daɗe ba sa ga maciji, tun wata shekara da suka kai ƙarar juna a kan wata bishiyar gawo da ke kan iyakarsu. Ya ce zai biya lakadan, ba ragi. Mubaraka ta san abin da ke ransa, ba gonar kaɗai yake so ba. Ta kwana biyu tana juya maganar. Ta sake kiran Habibu, ya ƙi ɗauka. Ta kira a wayar matarsa, ta ji muryarsa daga gefe yana cewa, "Ki ce mata ba ni da ƙanwa."

Washegari ta amsa wa Lado.

An yi cinikin a gaban maigari da shaidu. Habibu bai zo ba, sai da aka watse ya tare ta a bakin hanya tana jiran babur. Idanunsa sun yi ja.

"Lado kika ba."

"Kai na fara yi wa tayi."

"Takin da na zuba fa?"

"Ka faɗi kuɗinsa in biya ka."

Ya matso har tana jin hucinsa. "Ki riƙe. Ki sayi ƙofa da shi, ki rufe kanki a ciki. Ranar da kika mutu, Lado ya zo ya ɗauki gawarki."

"Allah ya kai mu," in ji ta. Ta hau babur ba ta waiwaya ba har suka isa Guci.

Ta kai kafin alƙalami ana saura kwana kaɗan a rufe. Kafin Sallah ta tare. Ta shafa wa ɗakunan farar ƙasa, ta dasa zogale a bayan rumfa. Malaman lakwal suka zo da kwanoni da tabarmi, aka yi addu'a. Daga ƙauye ba wanda ya zo. Labari kawai take samu a bakin masu zuwa kasuwa: Lado ya kafa shinge, ya shuka gyaɗa, ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba, kuma Habibu ya daina bin hanyar, sai ya zagaya ta bayan gari in zai je tasa gonar.

Bayan kaka ƙafafun Tabawa suka kumbura. Likitan Guci ya ce a kai ta Magariya, kuma za ta riƙa komawa ana duba ta. Habibu ya kawo ta, ya so ya sauke ta a gidan wani abokinsa. Tsohuwar ta ce ita ba za ta kwana a gidan bare ba alhali 'yarta na da ɗaki. Dole ya kawo ta ƙofar Mubaraka. Ya sauke ta daga mota, ya ajiye ƙullin kayanta a bakin zaure, ya koma gefen titi ya tsaya cikin rana.

Mubaraka ta shigar da uwar, ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin da ya fi iska. Sannan ta ɗebo ruwa a kwanon sha ta fito.

"Yaya, ga ruwa."

Ya dubi kwanon, ya dubi gidan tun daga ƙasa har sama. "Na ƙoshi."

"Inna na kiran ka."

"Ki ce mata ina nan waje. In tana da magana, ta aiko."

Mubaraka ta juye ruwan a gindin bango ta koma ciki. Tabawa ta tambaye ta ko ya shigo. Ta ce a'a.

"Haka ubanku yake," in ji tsohuwar, tana gyara kwanciya. "Ke ma haka kike."

Wata uku Tabawa ta yi a gidan. Duk ranar kasuwa Habibu yakan zo da damin rake ko ƙwaryar fura, ya tsaya a waje, a fito da tsohuwar bakin zaure su gaisa, ya juya. Bai taɓa taka dokin ƙofar ba, Mubaraka kuma ba ta ƙara yi masa tayin shiga ba. Da ƙafafun suka saɓe ya zo da mota ya ɗauki uwarsa, Mubaraka ta miƙa wa direba jakar magani ta yi masa bayanin yadda ake sha, direban ya juya ya maimaita wa Habibu.